Kwaɗayi Mabuɗin Wahala: Tambayar da Budda Ya Bar Mana

A Kajiji, cikin ƙasar Shagari ta jihar Sakkwato, in kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, kuɗin wake ya shigo hannu, sa'an nan a kan ga halin kowa. Wani ya biya bashinsa, ya ajiye saura domin bazara. Wani kuwa ya ga sabon babur a ƙofar maƙwabcinsa, barci ya gagare shi, ya kwashi hatsi ya sayar tun yana araha. Kafin damina ta yi nisa sai ga shi da kwano yana awo da tsada a kasuwar da ya sayar. Tsofaffi ba su kan yi masa dogon zance ba. Sai su ce, "Kwaɗayi mabuɗin wahala."

Mun saba da wannan karin magana har ba mu tsayawa mu auna ta. Amma akwai wani mutum a ƙasar Indiya wanda ya kafa dukan koyarwarsa a kan abin da ta ke faɗi, mabiyansa kuwa sun fi miliyan 300 a duniya. Ana ce da shi Budda. Ko da shi ke addininsa ba shi da tushe a ƙasar Hausa, ya kamata mai karatu ya san abin da ya koyar, gama ya tā da wata tambaya wadda ta shafi kowane gida: in kwaɗayi shi ne tushen wahala, me za mu bari domin mu tsira? Dukiya ce, ko mutane, ko kuwa wani abu dabam?

Ko wane ne Budda

Sunansa Siddata Gotama. An haife shi a Lumbini, wadda ta ke cikin ƙasar Nefal yanzu, kusa da iyakar Indiya, a ƙarni na 6 ko na 5 kafin haihuwar Almasihu. Ubansa, Suddodana, babba ne cikin kabilar Sakiya. Bisa ga labarin da mabiyansa su ke bayarwa, an goye shi cikin jin daɗi, aka tsare shi kada ya ga wani abin baƙin ciki. Ya yi aure, ya haifi ɗa mai suna Rahula. Da ya fita kewaya gari sai ya ga tsoho tukuf, ya ga majiyyaci, ya ga gawa ana kai ta, ya kuma ga wani mai zuhudu wanda ba shi da komai amma fuskarsa a sake. Ya gane abin da ya sami ukun farko zai same shi, ya sami matarsa da ɗansa. Yana da shekara 29 ya bar gida da dare.

Shekara 6 ya yi yana horon jikinsa da yunwa har ya kusa mutuwa, bai sami abin da ya ke nema ba. Sai ya karɓi abinci ya ci. Abokansa biyar suka ce ya karaya, suka rabu da shi. Ya zauna a gindin wani itace, dangin ɓaure da durumi, a wurin da a ke kira Bod Gaya. A nan, yana da shekara 35, ya ce ya gane tushen wahala da maganinta. Budda ba suna ba ne, laƙabi ne, ma'anarsa "wanda ya farka". Ya tafi Sarnat, kusa da birnin Banaras, ya sami abokan nan biyar ya koya musu. Daga nan ya yi shekara 45 yana yawo a ƙasa yana koyarwa, ya mutu a Kusinara yana da shekara 80.

Gaskiya huɗu

Budda ya tsara koyarwarsa kamar yadda mai magani ya ke yi: ya faɗi cutar, ya faɗi sanadinta, ya ce tana warkuwa, kāna ya ba da magani.

Ta fari, akwai wahala. A harshen Pali, wanda aka rubuta tsofaffin littattafansu da shi, ana ce da ita dukka. Haihuwa da tsufa da ciwo da mutuwa wahala ne. Haka kuma zama da wanda ba ka so, da rabuwa da wanda ka ke so, da rasa abin da ka ke nema. Har daɗi ma yana da wahala a ɓoye, gama ba ya daɗewa, mai jinsa kuwa ya sani.

Ta biyu, sanadin wahala shi ne tanha, watau ƙishirwa. Ya ce iri uku ce: ƙishirwar jin daɗi, da ƙishirwar zama wani abu, da ƙishirwar kuɓuta daga abin da ba mu so. Ta biyun nan mun san ta ƙwarai. Ita ce ta kan sa mutum ya sayar da gona domin neman sarauta, ita ce ta kan sa uba ya ci bashi domin a ce ba a taɓa ganin biki kamar na 'yarsa ba.

Ta uku, ƙishirwan nan tana iya ƙarewa. Ƙarewarta su ke kira nibbana, ko nirbana, ma'anar kalmar kuwa mutuwar wuta, kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Wutar uku ce: haɗama, da ƙiyayya, da ruɗewa.

Ta huɗu, akwai hanya mai rassa takwas: daidaitaccen gani, da nufi, da magana, da aiki, da sana'a, da ƙoƙari, da lura, da tattara hankali. Ya kira ta hanyar tsaka, domin tana tsakanin bin sha'awa da azabtar da jiki, shi kuwa ya gwada duka biyu. Ga masu zaman gida ya ba da ka'idodi biyar: kada a kashe mai rai, kada a ɗauki abin da ba a bayar ba, kada a yi lalata, kada a yi ƙarya, kada a sha abin maye.

Mu lura da kyau, Budda bai ce yunwa zunubi ba ce, bai kuwa ce neman abinci kwaɗayi ba ne. Shi da kansa ya ci sa'ad da ya ga yunwa ba ta kai shi ko'ina ba. Yunwa tana da iyaka: in an ci tuwo ta kwanta. Ƙishirwar da ya ke magana ba ta da iyaka, kamar mai shan ruwan kanwa ne, yana sha tana ƙaruwa. A nan lalle ya faɗi gaskiya, kowa kuma yana iya gwada ta a kansa. Ka tuna da abin da ka ƙwallafa rai a kai shekara uku da suka wuce. Ka same shi? To, kwana nawa ka yi kana murna kafin ranka ya koma kan wani?

Inda maganar ta ke da wuya

In mun tsaya a kan babur da biki, ba mai musu. Amma bari mu matsa gaba. Mace ta rasa ɗanta, tana kuka. Me ya sa ta ke kuka? Domin tana ƙaunarsa. Da ba ta ƙaunace shi ba da ba ta ji zafi ba. To, sai mu ce mata maganin wahalarta shi ne kada ta sāke ƙaunar kowa? In kowace igiya da ta ɗaure mu da wani tana iya jawo mana hawaye, ashe mai hikima shi ne wanda ya tsinke su duka ya shige daji? Budda ai ya bar mata da jariri. Wannan ita ce tuhumar da aka daɗe ana yi wa koyarwarsa, kuma ba ƙaramar tuhuma ba ce.

Akwai tuhuma ta biyu. Sau da yawa mai ƙoshi ya kan ɗauki wannan karin magana tamu ya rufe bakin mayunwaci da ita. Lebura ya nemi cikon ladansa, a ce masa kwaɗayi mabuɗin wahala. Gwauruwa ta nemi gādon 'ya'yanta, a ce mata ta yi haƙuri, duniya ba wurin zama ba ce. In dukan wahala daga zuciyar mai shanta ta ke fitowa, azzalumi ya sami mafaka ke nan.

Bari mu ga yadda mabiyan Budda suka amsa, gama amsarsu tana cikin labarunsu da ayyukansu.

Sun ce bayan da ya farka ya yi shawarar ya yi shiru, domin ya ga mutane ba za su gane ba. Daga baya tausayi ya rinjaye shi, ya tashi ya koma cikin jama'a. Ya koma har garinsu, ɗansa Rahula ya zama almajirinsa, matar ubansa wadda ta goye shi ita ce ta fara shiga ƙungiyar mata masu zuhudu.

Suna kuma ba da labarin wata mace, Kisa Gotami, wadda ɗanta ɗaya tak ya mutu, ta ruɗe, ta riƙa yawo da gawar tana neman magani. Aka kai ta wurin Budda. Bai tsauta mata ba, bai kuwa yi mata wa'azi ba. Ya aike ta ta samo ƙwayar mustad daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta bi gida gida. Ko'ina akwai mustad, ko'ina suna so su ba ta, amma ko'ina an yi rashi: nan uba, nan miji, nan ɗa. Kafin yamma ta gane, ta je ta yi wa ɗanta sutura. Abin lura a nan, cikin mutane ya tura ta. A ƙofofin maƙwabta ta sami sauƙi, sa'ad da ta ga hawayenta ɗaya ne da nasu.

Ko masu zuhudunsu ma ba a bar su su rabu da jama'a ba. Ana ce da su bikku, watau mai bara. Suna aske kai, su yafa mayafi, ba su cin abinci bayan rana ta yi tsaka, kuma dokarsu ta sa abincinsu ya dogara ga abin da mutanen gari suka zuba musu a ƙoƙo. Su kuma su sāka da koyarwa. Wanda ya ke fita bara kowace safiya ba shi da ikon cewa ba ruwansa da kowa. Har wa yau an umurce su su riƙa horon zuciyarsu da fatan alheri ga dukan mai rai, da tausayi, da murna da arzikin wani. Ashe abin da a ke so a kashe shi ne riƙo, watau wannan ƙaunar da ta ke cewa, "Nawa ne, ba shi da ikon sākewa, ba shi da ikon tafiya." Tausayi kuwa a ke so a hura.

Rassan addinin

Bayan mutuwar Budda koyarwarsa ta yi rassa, wannan tambaya tana cikin abin da ya bambanta su. Reshen da a ke kira Terabada, watau koyarwar dattawa, shi ne a Siri Lanka da Miyanma da Tailan da Kambodiya da Lawos. Littattafansu su ne Tipitaka, "kwando uku", waɗanda aka fara rubutawa a kan ganyen giginyar ƙasar a Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin haihuwar Almasihu. A wurinsu abin koyi shi ne arahan, wanda ya kashe wutar nan uku ya huta. Reshen Mahayana, "babban abin hawa", ya shiga Sin a ƙarni na 1 bayan haihuwar Almasihu, ya kai Koriya a ƙarni na 4, Jafan a ƙarni na 6. A wurinsu abin koyi shi ne bodisatwa, wanda ya yi wa'adi zai nemi farkawa domin dukan masu rai, ba zai tsira shi kaɗai ba. Reshe na uku, Bajirayana, ya fito daga cikin Mahayana, ya kafu a Tibet da Mongoliya da Butan. Sanannen shugaba a cikinsu shi ne Dalai Lama, wanda ya yi gudun hijira daga Tibet zuwa Indiya a 1959.

Mutum biyu sun isa misali a kan tuhumar nan ta biyu. Asoka, sarkin Indiya, ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Almasihu. Shi da kansa ya sa aka sassaƙa a dutse cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma ya yi nadama. Bai sauka daga gadon sarauta ya shiga daji ba. Ya sa aka haƙa rijiyoyi, aka dasa itatuwa a bakin hanya, aka shirya magani domin mutane da dabbobi. Na biyu shi ne Ambedka, wanda ya shugabanci masu tsara kundin mulkin Indiya. An haife shi cikin waɗanda al'adar ƙasar ta ce ko taɓa su ƙazanta ne. Ran 14 ga Oktoba 1956, a birnin Nagfur, ya shiga addinin Budda tare da dubban ɗaruruwan mutanensa. A ganinsa wahalar da Budda ya zo kawarwa ta haɗa da wadda mutum ya ke ɗora wa ɗan'uwansa, haɗamar azzalumi ita ce wutar da ta fi bukatar kashewa.

Kada kuwa mu ɗauka kowane mai wannan addini ya cika koyarwarsa. A 2017 sojojin Miyanma, ƙasar da yawancin mutanenta mabiya Budda ne, sun kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangaladash, waɗansu masu zuhudu kuma sun hura wutar ƙiyayya da bakinsu. Mayafi ba ya kashe wuta. Wannan gargaɗi ne ga kowane mai addini, har da mu.

An yi wannan tambaya a ƙasarmu

Ba sai mun tafi Indiya ba kafin mu ga mutumin da ya tsaya a wannan mararraba. Mutanen Kajiji sun san Boɗinga da Sifawa, ba su da nisa. Wajen 1807, jihadi yana tsaka, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya duba ya ga son mulki da dukiya ya shiga zukatan da yawa cikin jama'arsu. Ransa ya ɓaci, ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanen birnin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu. Ya tsaya, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam a kan yadda za a yi mulki da shari'a, sa'an nan ya komo. Daga baya ya zauna a Boɗinga, kusa da Shehu da ke Sifawa, a 1812 kuwa aka danƙa masa riƙon yammacin daular.

Bangaskiyar Malam Abdullahi dabam ta ke da ta Budda nesa ba kusa ba, ba mu kuwa gwama su. Amma tambayar ɗaya ce. Mutum ya ga kwaɗayi ya ɓata jama'a, zuciyarsa ta ce masa ya gudu. Bukatar mutane ta tare shi a hanya, ya juyo ya ɗauki kaya mafi nauyi.

Inda muka rabu

Wajibi ne mu faɗi inda hanyarmu ta rabu da ta Budda, gama shi ma bai ɓoye ba. Bai koyar da Allah Mahalicci ba. In an tambaye shi ko duniya tana da mafari, ya kan ba da misalin wanda aka harba da kibiya mai dafi, ya ƙi a cire ta sai an gaya masa sunan maharbin da irin itacen bakan: zai mutu kafin ya ji amsa. Ya koyar babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, sai abubuwa masu sākewa kamar ruwan gulbi. Ya koyar ana sāke haihuwar mai rai sau da yawa bisa ga kamma, watau aikin da ya yi da nufi, kowa kuma shi zai cire kibiyarsa da ƙoƙarin kansa. Mu masu bin Almasihu mun gaskata akwai Mahalicci wanda ya san kowa da sunansa, mutuwa sau ɗaya ce, ceto kuwa kyauta ne. Mun gaskata akwai ƙishirwar da ba a so ta mutu, watau marmarin adalci da marmarin Allah. Wannan bambanci babba ne. Duk da haka ba ya hana mu karɓar gaskiya a inda aka faɗe ta, kamar yadda ba mu ƙin karin maganar kakanninmu domin ba a cikin majami'a aka yi ta ba.

Abin da za mu yi

To, 'yan'uwa, me za mu bari? Ba gona ba, gama iyali za su ci. Ba mata da 'ya'ya ba, gama amana ne. Ba neman hakki ba, gama wanda ya yi shiru ga zalunci ya ƙara wa wutar wani itace. Abin bari shi ne riƙon nan da ya ke sa mu ƙi barci domin abin maƙwabci, ya sa mu mai da 'ya'yanmu kayan fahariya, ya sa mu ƙi yafe wa mutuwa abin da ta ɗauka har mu manta da masu rai da suka rage mana.

Ga ma'auni mai sauƙi wanda kowa zai iya ɗauka. In abin da ka ke so ya sa ka ga ɗan'uwanka kamar shinge a gabanka, kwaɗayi ne, ka sake shi. In barin abu ya sa ka janye daga mutane, ka daina zuwa gaisuwa, ka ce ba ruwanka, wannan ma ba hikima ba ce, son kai ne ya sāke riga. Sakin da ya ke na gari ya kan bar hannu a buɗe, buɗaɗɗen hannu kuwa shi ne mai iya bayarwa.

Karin maganar nan kuma, mu riƙa faɗa wa kanmu ita tun hatsi yana rumbu, kada mu jira mu jefi wani da ita bayan ya faɗi. In mun ga maƙwabcin nan da kwano a kasuwa, ya riga ya koyi darasinsa, abin da ya ke bukata yanzu shi ne tiya biyu ta gero. In kuwa an yi rashi a unguwa, ko gidan Kirista ne ko na Musulmi, mu ɗauki tabarma mu tafi mu zauna. Zumunci a ƙafa ya ke.